Ɗalibai Da Wasannin Kwaikwayon Ingila: Sanin Irin Wasa Ya Riga Haddar Labari

Duk shekara idan jarrabawar kammala sakandare ta ƙarato, akwai wani ɗan littafi da ke hana ɗaliban sashen adabi barci fiye da sauran littattafai, watau wasan kwaikwayon William Shakespeare wanda Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, WAEC, ta ɗora musu. Ita wannan hukuma, wadda aka kafa a 1952, takan sauya littattafan adabin Turanci bayan kowace shekara biyar. Daga 2011 zuwa 2015 The Tempest aka karanta, daga 2016 zuwa 2020 aka koma Othello, daga 2021 zuwa 2025 kuma A Midsummer Night's Dream, sa'an nan daga 2026 Antony and Cleopatra ya karɓi wurin. Ban da Shakespeare, akan haɗa da wasu da suka yi suna a gidajen wasan Landan, kamar su Oliver Goldsmith da Oscar Wilde da John Osborne.

Sunansa dai wasa, amma al'amarin ya wuce wasa. Duk ɗalibin da ke da burin karanta aikin lauya a jami'a, tilas ne ya ci adabin Turanci a jarrabawar sakandare, ya kuma sake zama masa a jarrabawar shiga jami'a ta JAMB. Wanda ya faɗi a nan, ko da ya ci sauran darussa, to ƙofa ta rufe masa sai baɗi. Ga shi kuwa Turancin Shakespeare ya haura shekara ɗari huɗu, har 'ya'yan Ingila ma sai an yi musu sharhi kafin su gane shi sosai. Wannan ya sa ɗalibai da yawa kan ajiye ainihin littafin, su sayi ƙananan littattafan taƙaitawa, su haddace sunayen mutanen cikin wasa da abin da ya sami kowannensu.

Hadda tana da nata amfani, amma akwai matakin da ya riga ta, shi ne sanin irin wasan da ake karantawa. Bahaushe in ya ji an ce ga ta nan ga ta nanku, ya san tatsuniya ce za ta biyo baya, ba zai tsaya gardamar yadda aka yi Gizo ya yi hira da Zaki ba. In maroƙi ya buɗe baki, tun daga kalmomin farko mai sauraro ya san kirari ne ko zambo. Haka mutanen Landan na wancan zamani suke shiga gidan wasa da sanin abin da kowane irin wasa ya saba kawowa, marubucin kuma yana gina aikinsa ne a kan wannan sani nasu, wani lokaci ya bi shi, wani lokaci ya saɓa masa da gangan.

Inda Rabon Ya Samo Asali

An haifi Shakespeare a garin Stratford a 1564, ya mutu a 1616, bai kuwa tara wasanninsa cikin littafi guda ba. Abokan sana'arsa biyu, John Heminges da Henry Condell, su ne suka tattara wasanni 36 suka sa aka buga su a Landan a 1623. Rabinsu, watau 18, ba a taɓa buga su ba kafin wannan lokaci, cikinsu har da Macbeth da Julius Caesar da Twelfth Night da The Tempest. Da ba domin ɗawainiyar mutanen nan biyu ba, da mai yiwuwa waɗannan sun ɓace.

Tun daga bangon wannan littafi aka kasa wasannin gida uku. Gida na farko shi ne na wasannin ban dariya, waɗanda Turawa ke kira kwamedi, guda 14. Na biyu wasannin tarihi, guda 10. Na uku wasannin ban tausayi, watau tirajedi, guda 11. Sauran ɗayan, Troilus and Cressida, a makare aka cusa shi tsakanin na tarihi da na ban tausayi, har sunansa bai fito a jerin abubuwan da ke cikin littafin ba. Wannan rabo na 1623 shi ne makarantu ke bi har yau, daga Landan zuwa Legas da Sakkwato. Sai dai yana da kyau ɗalibi ya riƙe cewa 'yan wasa ne suka yi rabon, shekara bakwai bayan mutuwar marubucin, saboda haka akwai wuraren da ma'aunin bai zauna daidai ba.

Kafin Zuwan Shakespeare

Wasan kwaikwayon Ingila a titi ya girma kafin ya sami gida. A ƙarni na 14 da na 15 garuruwa irin su York da Chester sukan yi bikin addini sau ɗaya a shekara, inda ƙungiyoyin masu sana'a ke raba labaran Littafi Mai Tsarki na Kirista a tsakaninsu, kowace ƙungiya ta nuna nata a kan wata babbar amalanke da ake ja daga unguwa zuwa unguwa. A York wasannin sun kusa hamsin, kuma maƙeran jirgin ruwa ne ke ɗaukar labarin gina jirgin Annabi Nuhu, alaihissalamu. Wanda ya san yadda maƙera da mahauta da marina ke da sarakunansu na sana'a a biranen Hausa, ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba.

Daga nan sai wasannin gargaɗi, inda halaye ke zama mutane. Mafi shahara shi ne Everyman, wanda aka buga a farkon ƙarni na 16. A cikinsa Mutuwa ce ta zo wa Ɗan Adam da sammaci. Ya nemi Abota ta raka shi ta ƙi, Dangi suka zame, Dukiya ta yi masa dariya, Aikin Kirki kaɗai ya bi shi har kabari. Duk mai zuwa wurin wa'azi ya sha jin makamancin wannan darasi.

Abin sha'awa shi ne, manyan nau'o'in nan biyu da ke wahalar da ɗalibai, a hannun masu karatu suka fara tsayawa da ƙafafunsu. Nicholas Udall, wanda ya taɓa zama shugaban makarantar Eton, shi ya rubuta Ralph Roister Doister wajen 1552, yana koyi da marubutan Rum na da, kuma ana lissafa shi a farkon wasannin ban dariya na Turanci. A 1561 kuwa wasu matasa biyu na makarantar lauyoyi ta Inner Temple, Thomas Norton da Thomas Sackville, suka rubuta Gorboduc, labarin sarkin da ya raba ƙasarsa tsakanin 'ya'yansa biyu, ƙasar ta faɗa yaƙin basasa. An nuna shi gaban Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a Janairun 1562, lokacin da ba ta da miji balle magaji, saboda haka kowa ya gane inda aka dosa. Shi ne kuma wasan farko da aka rubuta da waƙa mai ma'auni amma marar amsa-amo, salon da Shakespeare ya gada.

Wasan Ban Tausayi

Malaman adabi kan fara bayanin wannan nau'i da Aristotal, masanin Girka wanda ya rayu a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalamu. A ganinsa gwarzon irin wannan wasa mutum ne mai daraja, wanda bai cika nagarta ba bai kuma cika mugunta ba, wanda wani kuskure nasa ke jawo masa faɗuwa, har mai kallo ya ji tausayi da tsoro su kama shi, sa'an nan zuciyarsa ta yi sanyi. Da aka fassara littafin Aristotal zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 10, mai fassarar, Abu Bishr Matta, bai sami gidajen wasa irin na Girka a al'adar Larabawa ba, sai ya kira wasan ban tausayi madahu, watau yabo, ya kira na ban dariya hija'i, watau zambo. Ibn Rushd na Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya bi shi a kan haka. Fassarar ba ta dace sarai ba, amma tana da haske ga ɗalibi: ɗayan yana ɗaga mutum ya nuna girmansa ko a cikin faɗuwa, ɗayan yana sauko da shi ya nuna wautarsa.

Macbeth jarumi ne wanda sarki ya amince da shi. Mayu uku suka yi masa albishir da sarauta, matarsa ta zuga shi, ya kashe sarki yana baƙo a gidansa, daga nan kowane kisa ya riƙa jawo wani har nasa ya zo. Hamlet kuwa ɗan wani reshe ne da ake kira wasan ɗaukar fansa, wanda Thomas Kyd ya fito da shi a shekarun 1580 da The Spanish Tragedy. Masu kallo sun saba da kayan aikinsa: fatalwa mai neman a rama mata, hauka na gaske ko na ƙarya, wasa a cikin wasa, da tarin gawawwaki a ƙarshe. Wanda ya san haka zai gane cewa abin da ya bambanta Hamlet shi ne jinkirinsa da yawan zancen zucinsa, domin an ba shi aikin da kowa ya san yadda ake yi, shi kuwa ya tsaya yana auna shi.

Othello, wanda ɗaliban 2016 zuwa 2020 suka karanta, ya fi kowane nuna amfanin wannan sani. Farkonsa irin na wasan ban dariya ne: budurwa ta auri wanda take so a ɓoye, tsohon ubanta ya tashi cikin dare yana kururuwa, hukumar birnin Benis ta saurari ƙara ta bar auren. A wasan ban dariya nan ne za a tashi. Amma Shakespeare ya ci gaba, ya bar Iago ya shuka zargi a zuciyar mijin da hankici guda, har Othello ya kashe Desdemona ba da laifinta ba. Irin wannan ƙazafi ne aka yi wa amarya a Much Ado About Nothing, sai dai a can wasu wawayen 'yan gadi suka ji asirin makircin da wuri, aka wanke ta, aka ɗaura aure. A Othello gaskiya ta fito bayan an yi kisa. Sau da yawa tazarar da ke tsakanin nau'o'in biyu ba ta wuce lokacin da gaskiya ta bayyana ba.

Wasan Ban Dariya

A nan ne sunan Hausa kan ruɗi ɗalibi, domin yana sa ran barkwanci daga farko har ƙarshe. A ma'aunin wancan zamani, wasan ban dariya shi ne wanda ya fara da rikici ya ƙare da sulhu, galibi da aure. A Midsummer Night's Dream da maganar auren dole ya buɗe. Uba ya kai 'yarsa Hermia ƙara gaban mai mulkin Atens domin ta ƙi wanda ya zaɓa mata, doka kuwa ta ce ko ta bi, ko a kashe ta, ko ta zauna ba aure har abada. Ta gudu daji da masoyinta, aljanu suka rikita soyayyar matasa huɗu da ruwan wani fure, gari ya waye aka warware, aka ɗaura aure uku. A wurin bikin wasu masu sana'ar hannu suka nuna labarin masoya biyu da suka kashe kansu saboda kuskuren fahimta, 'yan kallo suna ta dariya saboda rashin iyawarsu. Labarin nan kusan shi ne na Romeo and Juliet, wanda Shakespeare ya rubuta a wajejen shekarun nan, 1595 zuwa 1596. Abu guda ya sa kuka a wani wasa, ya sa dariya a wani.

The Merchant of Venice shi ne ke ɗaure wa ɗalibai kai. Antonio ya ranci dukat 3,000 wurin Shylock, Bayahude mai ba da rance, bisa sharaɗin in wata uku ya cika bai biya ba a yanki laba ɗaya ta naman jikinsa. Portia ta yi shigar lauya ta kuɓutar da shi da hujjar cewa takardar ta ambaci nama amma ba ta ambaci jini ba. Shylock ya rasa dukiyarsa, aka kuma tilasta masa barin addininsa. Littafin 1623 ya sa wannan a cikin na ban dariya domin masoya sun yi aure, Antonio ya tsira. Amma an kori Yahudawa daga Ingila tun 1290, ba a bar su sun dawo a fili ba sai a shekarun 1650, saboda haka yawancin masu kallon farko ba su da maƙwabcin da za su tuna da shi in ana wulaƙanta Shylock. Daga baya manyan 'yan wasa, irin su Edmund Kean a 1814, suka riƙa nuna shi a matsayin mutumin da aka zalunta. Ɗalibin da ya iya bayyana dalilin da ya sa aka kira wasan na ban dariya, da dalilin da ya sa dariyar ke maƙalewa a wuya, ya wuce mai hadda nesa.

Akwai wani reshe da ya fi kusa da zambo, wanda Ben Jonson ya ƙware a kai. Likitocin zamanin sun ɗauka ruwa huɗu ne ke juya halin mutum, watau jini da majina da ruwan maɗaciya iri biyu, in ɗaya ya rinjaya sai hali guda ya mallake shi. A Volpone na 1606 wani attajiri marar magaji ya yi ƙaryar ciwon ajali, masu kwaɗayin gado suka riƙa kawo masa kyauta. Sunayensu da Italiyanci na dabbobi ne: shi attajirin sunan wata dabba mai wayo 'yar'uwar dila, baransa ƙuda, masu jiran mutuwarsa ungulu da hankaki. A nan ba aure a ƙarshe, kotu ce ta hukunta su.

A 1642 majalisar dokoki ta rufe gidajen wasa saboda yaƙin basasa, suka zauna a rufe shekara 18. Da aka maido da sarauta a 1660 aka sake buɗe su, a lokacin ne kuma mata suka fara hawa dandamali a gidajen wasan Ingila. Sai aka sami wasan ba'a ga ɗabi'un manya, wanda ke tona riya da tsegumi da auren kuɗi na masu hali, daga The Way of the World na William Congreve a 1700, zuwa The School for Scandal na Richard Sheridan a 1777, har The Importance of Being Earnest na Oscar Wilde a 1895. She Stoops to Conquer na Goldsmith, na 1773, ba ya bukatar dogon sharhi ga Bahaushe. Saurayi ya tafi ganin yarinyar da ake so ya aura, wani shaƙiyyi ya nuna masa gidan ubanta ya ce masaukin baƙi ne, ya shiga ya miƙe ƙafa yana ba surukinsa umarni kamar bara. Duk inda aka san kunyar surukai, an san inda dariyar take.

Wasan Tarihi

Wasanni goman da aka sa a wannan gida duk na sarakunan Ingila ne, daga Sarki John zuwa Henry na Takwas, kuma yawancin labarin daga kundin tarihin Raphael Holinshed, bugun 1587, aka ɗebo shi. Julius Caesar da Antony and Cleopatra su ma tarihi ne, na Rum da Masar, daga littafin Plutarch wanda Thomas North ya fassara a 1579, amma a gidan ban tausayi aka ajiye su. Wannan abu ne da ɗaliban yanzu ya kamata su lura da shi.

Wasan tarihi ba littafin tarihi ba ne, kuma a ƙarƙashin idon masu mulki aka rubuta shi. Richard na Uku, wanda Shakespeare ya zana a matsayin mugu mai ƙusumbi da shanyayyen hannu, kakan Sarauniya Elizabeth ne ya ƙwace mulki daga hannunsa a yaƙin Bosworth a 1485. A 2012 aka tono ƙasusuwansa a ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a birnin Lesta, aka tarar ƙashin bayansa a karkace yake, amma babu alamar shanyewar hannu. Macbeth na gaske kuwa a fagen yaƙi ya kashe Duncan a 1040, ya mulki Sikotilan shekara 17. Sarki James, wanda ya hau gadon Ingila a 1603 kuma ya zama uban ƙungiyar su Shakespeare, yana danganta kansa da Banquo, shi ya sa ba abin mamaki ba ne da wasan ya wanke Banquo daga laifin kisan.

Masu mulki sun san ƙarfin irin wannan wasa. Ranar 7 ga Fabrairu 1601 magoya bayan wani babban basarake, Earl na Essex, suka biya ƙungiyar su Shakespeare ƙarin sule 40 domin ta nuna Richard na Biyu, wasan da ake tuɓe sarki a cikinsa. Washegari Essex ya yi yunƙurin tawaye, bai yi nasara ba, aka fille masa kai kafin watan ya ƙare. Fitowar da ake tuɓe sarkin ma ba a buga ta a littafi ba sai 1608, bayan mutuwar sarauniyar.

Waɗanda Suka Ƙi Shiga Layi

Cymbeline ya ƙare da sulhu da haɗuwar dangi, amma a gidan ban tausayi aka sa shi. The Tempest da The Winter's Tale suna da cin amana da rabuwa da baƙin ciki, sa'an nan su ƙare da gafara. Masana na ƙarni na 19 suka ga gida uku bai isa ba, Edward Dowden ya ware waɗannan wasannin ƙarshen rayuwar Shakespeare ya ba su suna na dabam, F. S. Boas kuma a 1896 ya ware wasu, irin su Measure for Measure, ya kira su wasanni masu matsala domin ƙarshensu ba ya kwantar da rai.

Tun a zamanin ma akwai masu ƙorafi. Sir Philip Sidney, a littafinsa da aka buga a 1595, ya zargi marubutan Ingila da cuɗa sarakuna da wawaye a dandamali guda. Shakespeare bai bi wannan ra'ayi ba. Ya sa mahaƙan kabari suna raha a Hamlet, ya sa wawa ya bi Sarki Lear cikin hadari yana gaya masa gaskiyar da fadawa ba su iya faɗa. Fadojin ƙasar Hausa sun san wawan sarki da irin izinin da bakinsa ke da shi.

Abin da ya sami King Lear ya isa misali. A 1681 Nahum Tate ya ga ƙarshen wasan ya yi tsanani, sai ya sake shi: ya cire wawan, ya bar Cordelia da rai ta yi aure, ya maido da Lear kan gadonsa. Wannan gyararren wasa aka riƙa nunawa sama da shekara 150, sai a 1838 William Macready ya maido da na asali da wawansa. Sauya ƙarshe kaɗai ya fitar da wasan daga gidansa.

Abin Da Ya Rage Ga Makarantu

Waɗannan wasanni domin kallo aka rubuta su. Gidan wasa na Globe, wanda aka gina a 1599, ba shi da rufi a tsakiya, da rana ake wasa, talaka ya biya kwabo guda ya tsaya a ƙasa, samari ne ke fitowa a matsayin mata, ba kuma wasu kayan ado masu yawa a dandamalin. Ya ƙone a 1613 lokacin da aka harba igwa a cikin wasa wuta ta kama jinka, aka sake gina shi shekara mai zuwa. Ke nan makarantar da ke da inuwar bishiya da benci biyu tana da abin da ake bukata. A jarrabawar WAEC akan ciro 'yan layuka daga wasan Shakespeare a tambayi wa ya faɗa, wa ya gaya wa, me kuma ya biyo baya. Ɗalibin da ya taɓa tsayawa gaban 'yan ajinsu ya faɗi layukan da bakinsa ya fi saurin tunawa da su bisa wanda ya gan su a takarda kawai.

Na biyu, harshen gida ba abokin gabar Turanci ba ne a wannan darasi. Julius Nyerere, malamin makaranta kafin ya zama shugaban Tanzaniya, ya fassara Julius Caesar zuwa Swahili a 1963, ya ƙara da The Merchant of Venice a 1969. A Hausa ma Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara Twelfth Night da sunan Daren Sha Biyu a 1971, Dahiru Idris kuma ya mayar da The Merchant of Venice zuwa Matsolon Attajiri. Irin waɗannan littattafai sun yi wuyar samu a kasuwa, kuma sake buga su zai taimaki ɗalibi ya kama labarin da Hausa kafin ya tunkari tsohon Turanci.

Na uku, malami zai iya farawa daga abin da yara suka riga suka sani. Tashen watan azumi yana yi wa gwauro da malalaci ba'a a bainar jama'a, watau aikin da Ben Jonson ke yi ke nan. Wasan gauta da na kalankuwa suna kwaikwayon masu mulki a gabansu. Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma na Mohammed Sada sun taɓo aure da zaman gida, Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi ya shekara da shekaru yana ba mutane dariya da rayuwar bariki. In aka tambayi aji a wane gida za a sa kowane ɗayan waɗannan, da wane dalili, to an shiga darasin tun ba a buɗe Shakespeare ba.

Ya rage ga ma'aikatun ilmi na jihohi su tabbata ainihin littattafan sun isa hannun ɗalibai da wuri, ga shugabannin makarantu su farfaɗo da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, ga malamai kuma su ware makon farko domin bayanin nau'o'in wasa kafin a shiga kashi na ɗaya, fitowa ta ɗaya. Ɗaliban da ke riƙe da Antony and Cleopatra yanzu, tambayar farko da ke gabansu ita ce dalilin da ya sa labarin da aka ɗebo daga tarihin Rum, wanda kuma ke cike da raha da shagali a fadar Masar, aka ajiye shi tare da Othello da Macbeth.